Baftisma ake nema ko katin baftisma?

Edita,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Ka ɗan ba ni fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ce mai koyar da ajin baftisma a ikilisiyarmu da ke Sabon Tasha, nan Kaduna, kuma na kwana biyu a kan aikin.

A watan jiya wani saurayi ya tare ni bayan an tashi sujada, ya durƙusa ya ce, "Mama, don Allah a sa sunana cikin masu baftisma na wannan karon." Na ji daɗi, na tambaye shi abin da ya motsa shi. Sai ya hau sosa ƙeya. Ashe aurensa saura mako 5, kuma cocin su amarya sun ce ba kati, ba ɗaurin aure. Na ce, "Ɗana, baftismar kake so ko katin?" Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Na san yawancin masu karanta jaridarka 'yan'uwanmu Musulmi ne, don haka bari in ɗan yi bayani, kamar yadda na taɓa yi wa wata Hajiya da muke saro kaya tare lokacin da ta ce, "Wai wankan nan naku na mene ne?" Ba wankan cire dauɗa ba ne. Kalmar daga Helenanci ta fito, asalinta kuwa tsomawa, irin yadda marini yake tsoma farin ƙyalle a cikin baba ya fito da wani launi dabam. A Littafi Mai Tsarki, cikin Matiyu 28:19, Yesu ya umarci almajiransa su yi wa mutane baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. A Romawa 6:4 Manzo Bulus ya kwatanta ta da binnewa: shiga ruwa alamar an binne tsohon hali, fitowa kuma alamar sabon rai. Katolika da Angalika sukan yi wa jarirai, su zuba ruwa a ka. ECWA da Baptis sukan jira sai mutum ya yi hankali ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, sannan a nutsar da shi ɗungurungum. Mu masu nutsarwa ne, amma ba gardamar wannan ce ta sa na ɗauki biro ba.

Ni a Kogin Kaduna aka yi mini tawa, da sanyin safiya a tsakiyar hunturu, ruwa ya ja baya. Wani dattijo ya riga mu shiga da sanda yana gwada zurfi. Matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, suna bakin gaɓa suna buga tulu suna waƙa. Fasto ya tambaye ni a gaban kowa ko na karɓi Yesu ya zama Mai Cetona, na amsa, ya ce in toshe hanci. Da na fito haƙorana har kaɗawa suke yi, mahaifiyata ta lulluɓe ni da zanenta tana hawaye. Amma kafin ranar sai da muka yi watanni a aji, muna haddace ayoyi. Dattawa suka zaunar da mu ɗaya bayan ɗaya suka yi mana tambayoyi, har gida suka je jin yadda nake zama da mutane. Wata ƙawata ma an ce ta dakata sai baɗi, saboda ba ta ga maciji da matar babanta. Sai bayan baftisma aka ba mu izinin cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da abin sha da muke karɓa a coci don tunawa da mutuwar Yesu.

Yanzu a kwarmin siminti muke yi a harabar coci, mu cika shi da ruwan burtsatse. Wannan bai dame ni ba. Wanda ya ga halin da kogin yake ciki ba zai tsoma ɗansa ba. Abin da ya dame ni shi ne aji ya koma Asabar uku ko huɗu, wani ma sau ɗaya zai leƙo, sai iyaye su bi ta bayan gida wurin dattawa a sa hannu. Ranar kuwa anko da mai hoto da kulolin shinkafa sun fi wa'azi samun masu sauraro. Yarinya ta fito daga ruwa, abin da ta fara tambaya shi ne ko an ɗauke ta a waya.

Roƙona ga fastoci da dattawanmu na Kaduna shi ne a raba maganar aure da maganar baftisma. Muddin kati ne mabuɗin ɗaurin aure, mu da kanmu muke koya wa yara su faɗi abin da ba ya zuciyarsu a gaban Allah da jama'a. A yi wa masu aure tasu koyarwar dabam, a mayar wa ajin baftisma watanninsa, ko da mutum biyu ne za su kai ƙarshe.

Shi saurayin na ce masa ya fara zuwa aji, ni kuma zan je da kaina in roƙi faston amarya ya yi haƙuri da katin. Ya zo Asabar ɗaya. Daga baya na ji an ɗaura auren, da katin da ban san inda ya samo ba. Sunansa yana nan a rajistata, ban soke ba.

Taku,
Wata malamar ajin baftisma,
Sabon Tasha, Kaduna