Fim ɗin operetta ba wasan daɓe ne da aka ɗauka da kyamara ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A sharhinku kan tsofaffin finafinan waƙa na Jamus an ce wai kyamara kawai ake girkewa gaban dandamali. Ina da gyara a nan.

Operetta, wato wasan daɓe mai haɗa zance da waƙa da raha, yawanci kashi 3 ne, yakan kuma kusa awa 3. Fim kuwa wajen minti 90 ne. Dole a yi aski: a zubar da ƙananan 'yan wasa, a gajarta waƙoƙin taro, a bar waɗanda jama'a suka riga suka haddace. Da aka mayar da operettar Das Land des Lächelns ta mai tsara kiɗa Franz Lehár fim a 1930, shekara guda bayan buɗe ta a Berlin, muryar mawaƙi Richard Tauber aka sayar wa mutane. Labarin rakiya ya yi.

Wahalar ma tana wajen sauti. Kyamarar wancan lokacin na da ƙara, makirfo kuma ba ya zaɓe, sai aka riƙa kulle kyamarar cikin akwati, motsinta ya ragu. Saboda matsalar sauti, kamfanin fim na Jamus UFA ya gina ɗakunan ɗaukar sauti 4 a Babelsberg, kusa da Berlin, a 1929. Sautin a gefen fim ɗin ake buga shi, hoto 24 ke wucewa a daƙiƙa, kuma sautin na gaba da hotonsa da kimanin hoto 20. In mai haska fim ya zura shi da kuskure, sai baki ya motsa, waƙa ta biyo daga baya. In fim ya tsinke aka liƙa, kiɗan ya yi tsalle a wani wurin daban da hoton.

Ga kuma harshe. Maimakon ɗora murya, sukan sake ɗaukar fim ɗin da wasu 'yan wasa cikin ɗaki ɗaya da kaya ɗaya. Die Csárdásfürstin na 1934, wanda Marta Eggerth ta ja, yana da ɗan'uwa na Faransanci. Kuɗi ya ƙaru, amma kasuwa biyu.

Abin da bai kamata sharhin ya tsallake ba shi ne 1933. Da 'yan Nazi suka hau mulki, Paul Abraham, mai kiɗan operettar Viktoria und ihr Husar, da Richard Oswald da ya mayar da ita fim a 1931, duk sun bar Jamus saboda asalinsu na Yahudawa. Tauber ma haka.

Naku,
Mai karatunku