Wasiƙa zuwa ga ɗiyata a kan lissafi

Mamana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Mu nan gida lafiya lau, ummanki da ƙannenki suna gaishe ki.

Na karanta wasiƙarki inda kika ce tun da kika shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare lissafi ya gagare ki, wai har haruffa sun shigo ciki. Kwantar da hankalinki. Na duba littafin aikinki da kika bari a gida, kuma ni a ganina ba x ne ya kayar da ke ba. Tun firamare kika baro gyara a wajen lissafin kaso, wato firakshin, shi ne yake bin ki har yanzu.

Ga misali, kin rubuta cewa 1/8 a tara da 1/6 ya ba da 2/14. To, 2/14 ai ɗaya bisa bakwai ne, kuma ɗaya bisa bakwai bai kai ɗaya bisa shida ba. Ta yaya za a ƙara wa abu wani abu, sannan ya ragu? Da kin tsaya kin yi wa kanki wannan tambayar, da kin gane da kanki. Ki riƙa kimanta amsa a ranki kafin ki ɗora biro.

Wannan lissafin kuwa shi ne malamai ke yi a rabon gado. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya: matar tana da sumuni, wato 1/8, uwar tana da sudusi, wato 1/6. Sai a nemi ƙaramar lambar da 8 da 6 duk za su raba ba saura, wato 24, LCM ɗin nan da kuke yi. Matar ta ɗauki kashi 3, uwar kashi 4, sauran 17 na 'ya'ya. In dukiyar naira 240,000 ce, mata 30,000, uwa 40,000. Kuskure a nan cin haƙƙin marayu ne, shi ya sa nake so ki ɗauki abin da muhimmanci. Al-Khawarizmi ma, wanda ya tsara aljabara a Bagadaza a ƙarni na 9, babban ɓangaren littafinsa a kan gado da wasiyya yake. Mu ma muna da namu: Muhammadu al-Katsinawi ya yi rubutu a kan jadawalin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

In kaso ya zauna miki, kashi cikin ɗari ba zai ba ki wuya ba. Zakkar kuɗi ɗaya bisa arba'in ce, wato kashi 2.5 cikin ɗari. Gwada wannan ki turo mini amsa tare da dalili: kaya na naira 1,000 aka ƙara masa kashi 20 cikin ɗari, daga baya aka rage kashi 20. Me ya sa ya koma 960, bai koma 1,000 ba?

Lambobin da ke ƙasa da sifili, ki ɗauke su kamar bashi. Shi kuma x lamba ce kawai da ba a gano ba tukuna. In kina neman ta, duk abin da kika yi wa hagun alamar daidai (=), ki yi wa dama.

Kina da jarrabawar BECE, ta kammala ƙaramar sakandare, a ƙarshen aji uku, kuma likitancin da kike buri ba a shigarsa sai da kiredit a lissafi. Saboda haka ki koma ki haddace jadawalin sau har zuwa 12, ki riƙa rubuta kowane mataki, kada ki kwafi amsar ƙawa. Inda ba ki gane ba, ki ɗaga hannu ki tambayi malam ko da 'yan aji za su yi dariya.

Gwaggonki za ta zo ranar ziyara, na ba ta kwalin kayan lissafi da sabon littafin aiki ta kawo miki. Allah Ya yi miki albarka, Ya buɗa ƙwaƙwalwarki.

Naki,
Babanki