Malam Edita, a ƙarasa mana bayanin "ƙodar biri" ɗin nan

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan aiki na tafiya lafiya. Na saurari shirinku na lafiya inda aka taɓo allurar rigakafin ciwon kumburin ƙwaƙwalwa na Japan, wanda sauro ke yaɗawa, shirin ya yi kyau gaskiya amma akwai inda kuka bar mu a rataye. Mai gabatarwa ya ce ana noman ƙwayar cutar ne a ƙwayoyin ƙodar biri, sai kawai ya wuce gaba. Haba Malam, ai irin wannan maganar ba a jefa ta a tafi, wanda bai sani ba zai ɗauka birai ake ta yankawa ana ɗura wa yara ruwan ƙodarsu.

Ni na yi shekaru ina aikin lab, bari in faɗi yadda abun yake. Ƙwayoyin da ake cewa Vero ɗin nan, tun 1962 aka samo su daga ƙodar wani biri a Jami'ar Chiba ta Japan, kuma tun lokacin su ne ke ta haihuwar junansu a cikin kwalabe, ba a sake neman wani birin ba. In ka ga kwalbar ma ba abin tsoro, ruwa ne ja-ja a kwance, ƙwayoyin sun manne a ƙasa kamar an shafa, ana ajiye su a ɗumin digiri 37. A zuba musu bairas ɗin, wato ƙwayar cutar, ya hayayyafa, a kwashe ruwan a tace shi a sake tacewa, sannan a kashe bairas ɗin da sinadarin fomalin. Gawarsa ce ake yi wa mutum allura don garkuwar jiki ta gane fuskarsa.

To kafin nan da me ake yi? Da ƙwaƙwalwar ɓera! Ana sa wa ɓeraye cutar a ka, in ta kama su a cire ƙwaƙwalwar a niƙa a tace. Kuma fa ta yi aiki, ba raina ta nake ba, gwajin da aka yi a Tailan a kan yara sama da 60,000 a tsakiyar shekarun 1980 ya nuna tana karewa da kashi 91 cikin 100. Amma allura uku ake yi, ga tsada, ga masu yin borin jini, ga fargabar kada ragowar ƙwaƙwalwar ɓeran ta ja wata matsala a jijiya. A 2005 gwamnatin Japan ta daina matsa wa mutane su yi ta bayan wata yarinya ta samu matsalar ƙwaƙwalwa, duk da ba a tabbatar allurar ce sila ba, daga baya aka daina haɗa ta. Shi ya sa ni in aka ce min kwalba ko ɓera, wallahi kwalba zan ɗauka ba sai na yi shawara da kowa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka gwada sabuwar, ta kwalbar, mai suna Ixiaro. Tunda akwai tsohuwa mai aiki, ba dama ka ba wasu yara ruwan gishiri a madadin rigakafi ka zauna jiran ka ga wa zai kamu, wannan zalunci ne, cutar da ke iya kashe kusan mutum 3 cikin 10 na waɗanda ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, waɗanda suka tsira kuma da yawa su ƙare da farfaɗiya ko shanyewar jiki ko maganar ta ɗauke. Sai aka koma jini. A ɗebi jinin wanda aka yi wa allura, a tsinka ruwansa ninki 10, a gauraya da bairas mai rai a zuba kan ƙwayoyin Vero, bayan kwanaki a sa launi a ƙirga ramukan da bairas ya ci. In ramukan sun ragu da rabi, an ɗauka mutumin ya samu kariya. Ƙirga ramukan nan aiki ne mai sa ciwon ido, na yi irinsa na sani. Da haka aka kwatanta Ixiaro da ta ɓera, ba ta gaza ba, Amurka ta amince da ita a 2009, allura biyu kwana 28 tsakani.

Sai dai Ixiaro ta masu kuɗi ce da matafiya. Yaran ƙauyukan Indiya da Nepal da ke kwana kusa da gonakin shinkafa da garken aladu, ta China ce ta fi kai musu, mai rai amma an raunana ta, SA14-14-2, ita ma a ƙwayoyin halitta ake nomanta, China ta fara amfani da ita tun 1988 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance ta a 2013.

Don Allah in za ku dawo kan batun ku gayyato masani ya amsa min wannan: zazzaɓin West Nile ɗan uwan wannan cutar ne, tun 1937 aka gano shi a Uganda, dawakai suna da allurarsa, me ya hana ta mutane fitowa har yau?

Naku,
Mai sauraronku a kullum