Gilashin da aka narkar kan zinariya: a ba Meroe haƙƙinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi gyara kan wani kuskure da ake yawan maimaitawa duk lokacin da aka zo zancen kayan adon mutanen da, wato ɗaukar cewa launukan da ke jikin sarƙoƙin Fir'auna Tutankhamun narkakken gilashi ne. Akasarinsu duwatsu ne masu daraja da gutsattsarin gilashi da aka sassaƙa, aka dasa su cikin gurabe, aka liƙe.

Narkar da gilashi kan ƙarfe sana'a ce dabam, kuma ta fi wuya. Maƙeri yakan lanƙwasa siraran wayoyin zinariya, ya manna su a kan faranti su zama ƙananan ɗakuna, sannan ya daka gilashi ya zama gari, ya cika kowane ɗaki da launinsa, ya sa a wuta mai zafin digiri 800 ko kusa da haka. Da yake garin yana raguwa idan ya narke, sai an ƙara an sake gasawa kafin a goge fuskar ta yi sumul, kuma idan wutar ta zarce, zinariyar ce za ta lalace. Asalin dabarar ɗaya ne da na shafen gilashin da ke jikin langa da kwalla da ake jera wa amare.

Daga cikin mafi daɗewa da aka gano akwai zobba shida na zinariya daga wani kabari a Kouklia, tsibirin Cyprus, na ƙarni na 13 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake tsallake Meroe, tsohon birni a ƙasar Sudan ta yau, inda maƙeran tsohuwar daular Kush suka gwanance a wannan aiki. A shekarar 1834 wani Ba'italiye mai neman dukiya, Giuseppe Ferlini, ya rushe dalar Sarauniya Amanishakheto, ya kwashe mundaye da zobba masu shuɗi da koren gilashi. Da farko masu saye a Turai sun yi shakkar ingancinsu, abin da a ganina raini ne ga hannun da ya ƙera su. A yau kayan suna gidajen tarihi na Berlin da Munich.

Ina fatan jaridarku za ta buga hotunansu, ta kuma nemi maƙeran fari na Kano ko Agadas su yi wa masu karatu sharhi a kansu.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya