Ku gyara maganar da kuka yi a kan Kiraken

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci da shirinku na daren Asabar. Mai gabatarwa ya buɗe baki ya ce Kiraken, wato dodon teku, yana nan da ransa, yana naɗe jiragen ruwa ya ja su ƙasan teku, kuma ya faɗe shi kamar yana karanta labaran duniya. Haba Malam! 'Yan makaranta fa suna kallo.

Kiraken labarin matuƙan ruwa ne na ƙasar Norwe, kuma bishop ɗin Bergen, Erik Pontoppidan, ya ƙara masa suna a farkon shekarun 1750, da ya rubuta cewa idan ya taso sai a ɗauka tsibirai ne. Dabbar da ake ganin ta haifar da labarin ita ce ƙaton sukwid, wani naman teku mai laushin jiki da hannaye da yawa, wanda masani Japetus Steenstrup na Denmak ya raɗa wa suna Architeuthis a 1857. Hannayensa goma ne, takwas gajeru, biyu dogaye na cafke abinci. Mafi girmansa yakan kai mita 12 zuwa 13, amma yawancin tsawon nan na dogayen hannayen ne. Gangar jikin ba ta cika wuce mita 2 ba, nauyinsa kuma bai kai kilo 300 ba. To da wane ƙarfi zai kifar da jirgi?

Kun san inda ƙarin gishirin yake shigowa? Wajen awo. Idan ya mutu ruwa ya turo shi gaɓa, hannayen nan biyu suna miƙewa kamar roba in an ja su, sai mai awo ya samu tsawon da dabbar ba ta taɓa yi ba tana raye. Shi ya sa masana suka fi dogara da tsawon gangar jiki. Naman ma ba shi da ƙwari. A 1861 jirgin yaƙin Faransa mai suna Alecton ya gamu da guda kusa da tsibirin Tenerife, suka zarga masa igiya za su ɗago shi, jikin ya tsinke, sai ɓangaren wutsiya suka samu. Jirgin ne ya yi masa ɓarna, ba shi ya yi wa jirgin ba.

Sai a 2004 Tsunemi Kubodera da Kyoichi Mori na Japan suka fara ɗaukar hotonsa da rai a mazauninsa, a zurfin kusan mita 900 kusa da tsibiran Ogasawara. Wannan ya kamata ku nuna mana, ba zanen dabba mai hannu takwas rungume da jirgi ba.

Sannan don Allah ku rage kiɗan nan da kuke sawa a ƙarƙashin magana. Yana danne muryar mai bayani, dattawa ba sa jin rabin abin da ake faɗa.

Ina jiran gyara a shirin Asabar mai zuwa, kuma a farkonsa, ba a ƙarshe ba.

Naku,
Mai kallonku daga Zariya