Amsa ga Hajiyar da ta tambaye ni a rediyo kan mai taɓin hankali da ya yi kisa

Hajiya, assalamu alaikum.

Ranar da kika bugo waya a shirin nan, lokaci ya ƙure ban amsa miki ba. Kin ce: shin duk wanda ya kashe rai, da zarar lauyansa ya ce yana da taɓin hankali, sai a sallame shi, jinin mamaci ya tafi a banza? Ɗacin muryarki bai bar kunnena ba har yau.

Ba haka ba ne, Hajiya. Sashe na 51 na Final Kod, wato dokar hukunta laifuka, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, yana kare wanda a daidai lokacin da ya aikata abin, rashin hankali ya hana shi sanin me yake yi, ko sanin cewa laifi ne. Tushensa shari'ar Daniel M'Naghten ce, wani da ya yi kisa kotu ta ce taɓin hankali ne, a Ingila a 1843. Mu kuwa tun kafin nan mun san hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, ciki har da mahaukaci har ya warke. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya jinin ba ya faɗuwa ƙasa: ba a yi masa ƙisasi, amma diyya tana kan danginsa.

Wanda ake tuhuma shi zai kawo hujja. Katin asibitin masu taɓin hankali na Dawanau kaɗai bai isa ba. Alƙali zai saurari likita, ya ji daga 'yan uwa da maƙwabta yadda yake kafin abin da bayansa. Wanda ya ɗirki ƙwaya da ganin damarsa ya ɗauki wuƙa, wannan kariyar ba tasa ba ce. Wanda ta tabbata gare shi ma ba gida yake komawa ba, tsare shi ake yi sai yadda gwamnati ta ce.

A nan ne zuciyata take ƙuna. Na taɓa tsaya wa wani matashi da ya shafe shekaru a gidan yari yana jiran rahoton likita, ba magani, ba hukunci. Mahaifiyarsa tana kai masa tuwo, bai gane ta ba. Dangin mamacin ma suna ta sintiri a kotu, ba su ga ƙarshen maganar ba.

Allah ya jiƙan wanda kika rasa, Hajiya, idan rashi ne ya sa kika yi tambayar.

Naki,
wani lauya a Kano