Rahoton Kwamitin Gyaran Injin Murza Zare da Ɗakinsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa masaƙa, masu ɗinkin hula da iyayenmu mata masu kaɗi da ke cikin wannan ƙungiya tamu ta birnin Katsina, kwamitin da kuka ɗora wa gyaran injin murza zare ya kammala aikinsa. Injin yana aiki tun bayan kaka, ya kuma ratsa hunturu bai kwanta ba ko sau ɗaya. Da gangan muka jinkirta wannan rahoto, don mun taɓa yin murna da wuri a kan injin nan, muka kwashi kunya.

Mun san maganar da ke yawo a majalisa, wai an tara kuɗi don gyaran inji, kwamiti ya kwashe ya zuba a ƙasa. Ba ƙarya aka yi mana ba. Kaso mafi tsoka na kuɗin ya tafi ne ga siminti da tsakuwa da rodi, kuma yawancin abin da ke cikin rahoton nan bayanin dalilin haka ne.

Ga waɗanda suka shigo ƙungiya daga baya, injin tsoho ne, a hannun 'yan gwangwan aka saye shi a Kaduna, daga cikin kayan wata masaƙa da ta rufe. Kowa ya san yadda Kakuri, unguwar masana'antun Kaduna, take a da. Tun daga masaƙar Kaduna Textiles da ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, sauran suka biyo baya, audugar Funtuwa da Malumfashi da Bakori tana kwarara can, 'ya'yanmu da dama kuma a can suka ci abinci har suka tsufa. Namu injin ba ya kaɗa zare daga auduga, wannan sai an haɗa jerin injuna tun daga mai shiɓa. Aikinsa shi ne ya ɗauki zaren kamfani mai sili ɗaya, ya haɗa biyu ko uku, ya murza su wuri ɗaya, ya naɗe a kwarkwaro. Murɗin da yake yi kishiyar wanda aka yi wa zaren ne a kamfani, shi ya sa zaren da ya fito yake kwanciya lafiya a wadari ba ya cukurkuɗewa. Amma mazarinsa da zoben ƙarfen da ke kewaye da kowane mazari iri ɗaya ne da na injin kaɗi, wanda wani Ba'amurke mai suna John Thorp ya yi wa rajista a 1828.

Da aka fara kafa shi, makonni kaɗan ya yi. Zare na tsinkewa, mazarai na ɗaukar zafi har ba a iya riƙe su, ƙara kuma ta hana maƙwabta barcin rana. Aka kashe, aka rufe da tamfol.

Kuskuren farko namu ne, mu 'yan kwamiti, gara mu faɗa da bakinmu. Duk wanda ya taɓa gyaran babur ko injin markaɗe, in ya ji ƙarfe na kuka, boris zai ce. Haka muka ce. Muka aika Kano aka sayo ƙananan boris masu ƙwallo, mai shago ya rantse mana cewa su ne daidai, muka kai wa masu injin feƙe ƙarfe suka buɗe gurbi suka dasa su a mazarai kaɗan don gwaji. Da aka kunna, waɗanda muka gyara suka fi sauran rawa. Kuɗin ya tafi, mazaran ma sun tafi, don gurbin da aka buɗe ba ya komawa. Allah ya taimake mu ba mu yi wa duka ba.

Bayan wannan ne ma'ajinmu ya tuna da wani dattijo a wajen Ƙofar Marusa, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana makanikancin ɗakin kaɗi a Kakuri. Ya roƙe mu kada a sa sunansa, mu dai Baba muke ce masa. Ranar da ya zo bai taɓa sufana ba. Ya sa aka kunna injin, ya ɗora bakin sukudireba a jikin kowane mazari, ya kanga ƙotar a kunnensa, yana bi ɗaya bayan ɗaya kamar mai sauraron ƙirjin majiyyaci. Shugaban kwamiti ya gaji da jira ya ce, "Baba, boris ɗin ne dai ko?" Ya ce, "Alhaji, boris bai yi maku laifi ba. Ku kira mini tsohuwa ɗaya mai kaɗi, ta taho da mazarinta."

Muka ɗauka wasa yake yi. Aka je aka zo da ɗaya daga cikin iyayenmu, da taskirarta da sutu da alli. Ya ce, "Inna, murza mana shi mu gani." Ta shafa alli a yatsu, ta aza tsinin mazarin a kan 'yar fata, ta murza. Da farko ya yi tangaɗi, irin rawar nan da ake misalta jikin mai jin sanyi da ita, can sai ya miƙe ya tsaya cak kamar ba ya juyawa. Baba ya ce mu lura, yatsun Inna ba su damƙe shi ba, sun dai kewaye shi ne, sun bar masa 'yar kafa ya nemi tsakiyarsa da kansa. Da ta matse shi, da rawar ta koma hannunta, zaren ya tsinke. Abin da muka yi wa namu mazaran ke nan da muka ɗaure su tamau da boris ɗin babur.

Sannan ya zare mazari ɗaya ya warware mana shi a kan tabarma. Sanda ce ta ƙarfe mai tauri, tana da wani kumburi inda bel ke ratsawa ya juya ta, wanda muka laƙaba wa gululu saboda a nan ya yi kama da na Inna. Ƙasan sandar yana shiga cikin wani kube da aka ɗaure da noti a jikin dogon ƙarfen injin. A wuyan kuben akwai boris, amma ba mai ƙwallo ba, ƙananan sanduna ne masu mirgina kai tsaye a jikin sandar mazarin, su ke ɗaukar jan da bel ke yi. Can ƙasa kuma tsinin sandar yana zaune a cikin wani ɗan gurbi, cikin mai tsundum, shi ke ɗauke da nauyi. Wannan gurbi ba a kafe yake ba. Yana cikin bututu mai ɗan lanƙwasuwa, an kewaye shi da siririn ƙarfe da aka naɗe kamar tabarma, mai yana tsakanin kowane ninki. In kwarkwaro ya cika ta gefe ɗaya fiye da ɗaya, kuma ba kwarkwaron da ke cika daidai, tsinin zai ɗan goce, man da ke cikin naɗin ya shanye girgizar, mazari ya sami tsakiyarsa. Dabarar barin mazari ya ɗan yi wasa a cikin kubensa tsohuwa ce, ana danganta ta da mazarin wani mai ƙira mai suna Rabbeth da ya fito a Amurka a 1878, ita ce kuma ta buɗe ƙofar gudun da ake yi yanzu. Injunan kaɗi na zamani suna kai juyi 20,000 zuwa 25,000 a minti ɗaya. Juyi 20,000 a minti ya haura juyi 330 ke nan a cikin daƙiƙa ɗaya.

Da ya karkata kuben, abin da ya zubo ya ba mu kunya. Baƙin mai ne na mota, a wasu ma giris, an cuɗe da ƙura ya zama kamar kwalta. Masu kula da injin a wancan karo sun yi da kyakkyawar niyya, a ganinsu mai kauri ya fi kare ƙarfe. Man mazari kuwa siriri ne, mai lamba 10, kusan kamar ruwa, baƙin man mota ya ninka shi kauri fiye da sau goma. Mai kauri ba ya ratsa naɗin nan, yana riƙe sandar, moto ya wahala, zafi ya tashi. Aka kwance kube ɗaya bayan ɗaya aka wanke da kananzir, aka shanya, aka duba tsini da gurbi. Waɗanda suka cinye aka ware. Ba mu sayi sabo ko ɗaya ba, Baba ya koma Kaduna da mutum biyu daga cikinmu suka tsinto masu lafiya daga ragowar injuna irinsa. Man ne ya ba mu wuya, sai da aka yi odarsa daga Legas.

Yanzu ga maganar ƙasa. Bayan wanki da sabon mai, zafi ya sauka, amma zare bai daina tsinkewa a ɓangaren gabas ba. Baba ya aro ma'aunin lebur na birkila ya bi dogon ƙarfen da mazarai ke jere a kai. Ya same shi ya sunkuya. Daɓen ɗakin siriri ne, an yi shi a kan cikon ƙasa, ruwan indararo kuma yana zuba a gindin bangon gabas duk damina, ƙasa ta zauna, ƙafafun injin na wannan gefe suka bi ta. Ido ba ya gani, amma mazari yana ji. Dole ne ya tsaya a miƙe a tsakiyar zobensa, domin zoben yana hawa yana sauka a kewayensa yayin naɗi. In ya karkata ko da kaurin farce ne, a kowane juyi zare zai yi tauri ta nan ya saki ta can, ɗan ƙarfen nan mai kama da ƙugiya da ke zagaya zobe yana jan zaren ya riƙa cin gefe ɗaya, har ya cinye zoben.

An yi gardama sosai a kwamiti. Wasunmu suka ce a cusa katako ko faifan ƙarfe a ƙarƙashin ƙafafun a wuce wurin, wanda da shi ne mai araha, kuma da ya yi aiki har zuwa damina mai zuwa. Wani malami a cikinmu da ke koyar da aikin injiniya shi ya kawo labarin da ya raba gardamar. A birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin an yi wata masaƙa da aka gina a kan laka. Ginin yana motsi, dogayen sandunan da ke juya injuna suna gocewa, boris suna ƙonewa. Injiniyan da ke kula da gyara a wurin, Sven Wingquist, shi ya ƙirƙiro boris mai daidaita kansa saboda wannan matsala, a 1907 kuma aka kafa kamfanin ƙera boris na SKF a kan wannan ƙirƙira. Malam ya ce su can sun sami mai ƙirƙiro musu boris, mu kuwa birkila muke da shi, sai mu yi amfani da abin da ke hannu. Aka yi dariya, aka amince.

Aka kwance injin gaba ɗaya aka fitar. Aka fasa daɓe, aka haƙa har aka tarar da ƙasa mai tauri, aka zuba kankare da rodi a tsawon inda injin zai zauna, aka dasa ƙusoshin da za a ɗaure ƙafafu. Birkilan ya so a mayar da inji bayan mako guda, muka ƙi, aka yi ta ba shi ruwa har kwana 28, lokacin da kankare ke kai ƙarfin da ake lissafa shi da shi. Indararon gabas an karkatar da shi zuwa kwata, an sauya kwanon da ke yoyo, an yi sili, tagogi kuma an sa musu raga da labule saboda ƙura.

Saita mazarai ita ta fi cin lokaci, kuma ba abin kallo a cikinta. Ana saukar da zobba ƙasa a duba ko mazari na tsakiya, a ɗaga su sama a sake dubawa, in ya goce a sassauta noti a sa 'yar takarda a gefen kube, a ɗaure, a sake. Sai a rataya zare da ɗan nauyi daga ƙugiyar da ke sama a tabbatar ya sauka daidai kan mazarin. Haka aka bi su duka. Matasa uku da muka haɗa da Baba su suka ƙarasa rabin ƙarshe da hannunsu, yana zaune a kujera yana cewa a sake. An sauya bel gaba ɗaya, kowane ɗaya yana juya mazari huɗu, an kuma sake wa moto naɗin waya.

Abu biyu ne ba mu gama gamsuwa da su ba. Na ɗaya gudu. Baba ya sa an rage shi ƙasa da abin da injin zai iya, wasu masu wadari suna ƙorafin zare ba ya isarsu da wuri. Hujjarsa ita ce in aka ninka gudu, ƙarfin da ke fizgar mazari mai ɗan karkata ninki huɗu yake yi, ba biyu ba, zobbanmu kuma tsofaffi ne. Kwamiti ya goyi bayansa, duk da akwai mutum ɗaya a cikinmu da har yanzu yake ganin an yi tsoro da yawa. Na biyu hunturu. Auduga tana son iska mai ɗan laima, kusan kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, iskar Katsina a watan Janairu kuwa kowa ya san yadda take fasa leɓe. Zare ya bushe, ya yi gashi, ya riƙa tsinkewa. A bana da jiƙaƙƙun buhuna da yayyafa ruwa a daɓe muka lallaɓa, ana kuma kwana da zaren a lulluɓe da ɗanyen ƙyalle kafin a ɗora shi. Ya rage, bai kawar ba. Na'urar fesa raɓa tana cikin abin da za mu kawo wa babban taro.

Cikakken lissafin shiga da fita, har da asarar boris ɗin Kano, yana wurin ma'aji da rasiɗansa, an kuma manna kwafi a ƙofar ɗakin inji ga mai son dubawa. Muna godiya ga Baba, wanda ya ƙi karɓar komai sai kuɗin mota, da Innar da ta ba mu aron mazarinta, da maƙwabtan da suka haƙura da tsakuwa a ƙofar gidajensu. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Jarkar man mazari tana cikin akwati mai kwaɗo, makulli ɗaya a hannun babban cikin matasan nan uku, ɗaya a hannun sakatare. An cire giris da baƙin mai daga ɗakin gaba ɗaya, mai son shafa wa kekensa sai ya nema a waje. Masu kawo zare su riƙa rubuta suna a littafin da ke kan tebur tun ranar Asabar, a faɗi sili nawa ake so a haɗa.

Sakataren kwamiti, a madadin sauran 'yan kwamiti.